Koriyar Motar Kwana-kwana ta Ingila

Duk wanda aka ambata wa motar kwana-kwana, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne jar mota mai jiniya, ɗauke da tanki maƙil da ruwa, tana keta titi a guje jama'a na darewa. Kuma galibin mutane sun tafi a kan cewa darajar irin wannan mota tana ga yawan ruwan da ta ɗauko da hanzarin da ta iso da shi. To, akwai wata mota da hukumar Ingila ta sa aka ƙera mata tsakanin 1953 da 1956, wadda ta saɓa wa wannan ƙa'ida ta kowace fuska, domin fentinta kore ne irin na soja, gudunta bai kai a yi zancensa ba, ruwan da ke cikinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Amma duk da haka ta shekara hamsin tana cikin lissafin kayan daular, kuma ma'abota sana'ar kashe gobara har yau suna ambatonta da girmamawa. Sunanta a takardun hukuma Bedford RLHZ, mutanen ƙasar kuwa suka yi mata laƙabi da Green Goddess, kuma da laƙabin ne ta shahara.

Ba za a gane hikimar ƙirarta ba sai an koma ga daren 29 ga Disamba, 1940, lokacin da jiragen yaƙin Jamus suka yi wa tsakiyar birnin Landan ruwan bama-bamai masu cinna wuta. 'Yan kwana-kwana sun fito da motocinsu da famfunansu, sai suka tarar bama-baman sun farfasa manyan bututan ruwan da ke ƙarƙashin tituna. Kogin Thames kuwa, wanda ruwansa yake hawa yana sauka tare da na teku, ya dace a wannan dare ya janye matuƙar janyewa, har ya zamana sai mutum ya kutsa cikin taɓo yana jan mesa kafin ya cim ma ruwa. Unguwanni suka ƙone ƙurmus alhali kogi yana kwance a gefensu. Bayan wannan aka ga abin da ya auku a Hambug a 1943, da kuma Hiroshima a 1945, inda wutar da ta biyo bayan bam ta haɗe ta zama gobara guda mai cin birni ɗungurungum. Masu tadbirin al'amuran ƙasar suka fitar da hukunci ɗaya daga cikin waɗannan musifu, cewa gobarar yaƙi mas'alar ruwa ce kafin ta zama mas'alar komai: ruwan yana nan a koguna da tafkuna da teku, wahalar ita ce a ɗauko shi a kai shi inda wutar take, a ranar da bututu ya fashe, gada ta karye, titi kuma ya cika da ɓaraguzai.

Saboda haka, da aka shiga zamanin Yaƙin Cacar Baka, majalisar ƙasar ta yi dokar kare farar hula a 1948, aka farfaɗo da rundunar 'yan kwana-kwana ta sa-kai da ake kira AFS, wadda aka fara kafawa a 1938 sa'an nan aka narkar da ita cikin rundunar kashe gobara ta ƙasa a 1941. Da Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya a 1949 sai tsoro ya tabbata, aka shiga neman motar da za a ba waɗannan 'yan sa-kai, waɗanda galibinsu malaman ofis ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan masana'antu masu zuwa horo da yamma ko a ƙarshen mako.

Ba a ƙirƙiro sabuwar mota daga tushe ba, kuma wannan shi ne farkon dabarar. Kamfanin Vauxhall, mai ƙera manyan motocin Bedford, yana da wata babbar mota mai suna RL wadda sojan Ingila suka ɗauka ta zama abin jigilarsu na yau da kullum, sai aka ɗauki ƙashin bayanta da injinta da tayoyinta aka ɗora musu jikin motar kwana-kwana. Dattawanmu ba baƙin sunan Bedford ba ne, domin manyan motocinsa sun daɗe suna jigilar gyaɗa da auduga da fasinja a hanyoyinmu, kuma sun san abin da aka shaide su da shi na juriya da sauƙin gyara. Injin na fetur ne mai silinda shida, girmansa lita 4.9, ƙarfinsa doki 110, wato abin da ƙaramar motar shiga ta yau take bayarwa ba tare da wani alfahari ba. Fa'idar wannan zaɓi a bayyane take: kayan gyara suna jibge a rumbunan soja, duk sojan da ya koyi tuƙi ya san motar, kuma duk makaniken da ya iya kwance kafireto da goge fulogi zai tashe ta a bakin hanya, babu wata na'ura ɓoyayya da za ta gagare shi.

Rukunin farko da aka ƙera, mai lamba SHZ, tayoyin baya kaɗai ke jan sa, tankinsa kuma yana cin galan 400. Wanda ya biyo baya, wanda shi ne abin maganarmu, tayoyinsa na gaba da na baya duka suna ja, aka kuma rage tankinsa zuwa galan 300, kimanin lita 1,400. Wannan musanya ita kaɗai ta isa ta nuna inda masu ƙirar suka ɗora muhimmanci, domin sun yarda su bar galan ɗari na ruwa a gida matuƙar motar za ta iya shiga inda wata ba ta shiga. Bayan akwatin giyarta mai giya huɗu akwai wani ƙaramin akwati na biyu. A kan kwalta ƙarfin injin yana tafiya ga tayoyin baya kawai, amma idan aka zo taɓo ko yashi ko tarin ɓaraguzai sai direba ya ja sandar wannan akwati, farfela ta biyu ta kai ƙarfi ga tayoyin gaba, gudu ya ragu ƙwarai, ƙarfin ja kuma ya ninku. Ga shi cikinta ya yi nisa da ƙasa, tayoyinta manya ne masu zurfin zane, sifirin ɗinta kuwa na faifan ƙarfe ne wanda ba ya tsoron gargada.

Mai karatu yana iya tambaya, shin mene ne larurar duk wannan ga motar da za ta yi aiki a biranen ƙasar da titunanta suke shimfiɗe da kwalta? Rabin amsar mun riga mun faɗe shi, wato ɓaraguzai. Ɗaya rabin, wanda a ganina shi ne asali, yana cikin wata ƙa'ida da Allah Ya gina halittar ruwa da iska a kanta, wadda babu injiniyan da ya isa ya ƙetare ta. Famfo ba ya zuƙo ruwa da ƙarfin kansa kamar yadda ake zato. Iyakar abin da yake yi shi ne ya fitar da iskar da ke cikin mesa, sai nauyin iskar sarari da ke danne fuskar kogi ya turo ruwan ya hau cikin gurbin da aka bari. Wannan nauyi kuwa yana da haddi, ba zai ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10 ba ko da famfon ya kai matuƙa wajen inganci, a aikace ma ba a wuce mita 7 ko 8, kuma gwargwadon nisan famfo daga fuskar ruwa gwargwadon raguwar abin da zai bayar. Masu noman rani sun san haka sarai ko da ba su karanta a littafi ba, shi ya sa suke saukar da injin ban-ruwa har bakin ruwa, su bar doguwar mesar ta kasance ta ɓangaren turawa. To, idan famfon ya kasance mai nauyin da sai mota ce za ta ɗauke shi, ya wajaba motar ta gangara gaɓar kogi da kanta, ta taka laka da ciyawa da tsakuwa, ta juya bayanta ga ruwa, sa'an nan ta iya fitowa idan aiki ya ƙare. Motar da ta tsaya a kan gada tana hangen kogi daga sama ba ta da amfani a wannan rana, kome girman famfonta.

Famfon kuwa shi ne zuciyar al'amarin, har ma takardun hukuma ba su lissafa motar a matsayin motar kashe gobara ba, sun rubuta ta ne a matsayin famfo mai tafiya da kansa. Ƙirar kamfanin Sigmund ne, yana zaune a bayan motar, kuma injin motar ne yake juya shi idan ta tsaya. A cikinsa akwai wata fanka ta ƙarfe a rufaffen gida, wadda ke juyawa da tsananin gudu tana wurga ruwa zuwa gefe, ruwan ya fita da matsi, wani ya shigo ta tsakiya ya maye gurbinsa. Kuma da yake irin wannan famfo ba ya kama iska, akwai wata ƙaramar na'ura a jikinsa da ke fara zuƙe iskar mesa har ruwa ya iso. Abin da yake turawa a minti ɗaya galan 900 ne, kimanin lita 4,100, wato sama da duro ashirin mai cin lita 200. Wanda ya yi lissafi zai ga cewa da za a buɗe shi gaba ɗaya a kan tankin motar, da ya ƙarar da shi cikin daƙiƙa ashirin. Ke nan tankin guzuri ne kawai, na kashe ƙaramar wuta da siraran mesa biyu da ke naɗe a jikin motar, ko na riƙe wuta kafin babban ruwa ya iso.

Babban ruwan kuwa ga yadda yake isowa. Ruwan da ke gudu a cikin mesa yana gogar bangonta, gogar nan tana cinye matsinsa sannu a hankali, har idan tafiya ta yi nisa ya fito a raunane ba ya iya kai wa rufin ɗaki. Maganin wannan illa biyu ne. Na farko a faɗaɗa mesa, domin idan aka ninka faɗinta sau biyu asarar matsi tana raguwa kusan sau talatin a kan adadin ruwa ɗaya. Shi ya sa rundunar ta tanadi mesa mai faɗin inci shida, ninki biyu da ɗoriya na wadda ake riƙewa a hannu. Na biyu a jera motocin tazara-tazara: ta farko tana bakin kogi tana zuƙa, ta tura wa ta biyu, ta biyu ta sabunta matsin ta tura wa ta uku, haka har mil da yawa, ta ƙarshe kuma ta rarraba wa masu fuskantar wuta. Saboda haka ba a taɓa nufin motar ta yi aiki ita kaɗai ba. An tsara ta ne ta fita cikin ayari, tare da manyan motoci masu shimfiɗa mesa suna tafe, da masu ɗauke da ƙarafan da ake ɗaga bututu da su a ƙetare titi, da babura na kai saƙo, da motar abinci. Kuma ayarin yana zaune ne a wajen gari, domin ya tsira daga bam ɗin sa'an nan ya shigo. Akwai ma wata mota da aka yi wa laƙabi da Bikini, mai ɗauke da kwale-kwalen roba da ake hura wa iska a ɗora musu ƙananan famfuna, a tura su tsakiyar ruwa inda gaɓa ta gagari taya. Wanda ya tuna taɓon Thames na 1940 zai gane daga inda wannan tunani ya fito.

Ƙananan famfunan nan suna da nasu labarin, kuma ya cancanci a ɗan ratse dominsa. Kowace mota tana ɗauke da guda ɗaya a akwatin gefenta, wanda mutane za su iya ciccibawa su kai inda motar ba ta zuwa. Kamfanin Coventry Climax ne ya ƙera shi a farkon shekarun 1950, bayan hukuma ta nemi famfo marar nauyi mai tura galan 350 a minti, sai injiniyoyinsa Walter Hassan da Harry Mundy suka fito da ɗan inji na alminiyon mai tashi nan take ya kama gudu ba tare da jiran ya yi zafi ba. Masu tseren mota suka hango shi, suka ga abin da suke nema ke nan, ƙarfi mai yawa a jiki marar nauyi. Aka gyara shi aka sa a motocin Lotus da Cooper, kuma ta wannan ƙofa ce kamfanin famfon kashe gobara ya shiga harkar tsere har injinansa na baya suka ci gasar duniya.

Adalci ya wajabta a faɗi aibobinta. Sitiyarinta ba shi da wani mataimaki sai damtsen direba. Iyakar gudunta kusan mil 65 ne a awa, amma wanda ya san ta ba ya wuce 45, kuma galan ɗaya na fetur ba ya kai ta fiye da mil takwas zuwa goma. Tsayin nan da ya ba ta ikon taka ɓaraguzai shi ne kuma ya mai da ita mai haɗari a kwana, domin ruwan tankinta ya kusa tan ɗaya da rabi, yana zaune a sama, kuma yana karkata duk inda motar ta karkata. Tsaninta ƙafa 35 ne kawai. Ba ta zo da rediyo ba, ba ta da tukunyar iskar da ɗan kwana-kwana ke goyawa ya shiga hayaƙi, ba ta da almakashin yanka ƙarfe na ciro wanda ya maƙale a mota. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama naƙasu ga aikin da aka yi ta dominsa, wato ta tsaya a bakin kogi yini da kwana tana tura ruwa.

Wannan aiki kuwa, alhamdu lillahi, ranarsa ba ta zo ba. Tun ana cikin ƙera motocin makamin ya sauya, bam ɗin haidurojin ya bayyana, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima sau ɗaruruwa. Kuma a 1955 wani kwamitin sirri ƙarƙashin William Strath ya ƙiyasta wa gwamnati cewa guda goma daga cikinsa za su hallaka mutum miliyan 12 a ƙasar. Ayarin famfuna ba shi da abin da zai yi a gaban wannan bala'i. A 1968 gwamnatin Harold Wilson ta rushe rundunar AFS don rage kashe kuɗi, amma ba ta zubar da motocin ba. Aka adana su a manyan rumbuna, daga baya aka tattara galibinsu a wani wuri mai suna Marchington, ana tayar da su lokaci-lokaci ana zagayawa da su don kada su mutu a tsaye. Jefi-jefi akan fito da wasu, a lokacin ambaliya su zuƙe ruwa daga unguwanni, ko a shekarar fari irin 1976 su shiga dajin da ya kama wuta, kuma a irin waɗannan wurare, inda ake buƙatar taya mai ja da famfo mai yawan ruwa, sun yi abin da ake fata.

Shahararta ta zo ne ta hanyar da masu ƙirarta ba su taɓa rayawa ba. A 14 ga Nuwamba, 1977, 'yan kwana-kwanan ƙasar suka shiga yajin aiki na ƙasa baki ɗaya karo na farko, suna neman ƙarin albashi na kashi 30 cikin ɗari, gwamnatin James Callaghan kuwa ta kafe a kan kashi 10. Aka buɗe rumbuna, aka miƙa motocin ga sojoji bayan ɗan gajeren horo, aka ce su tsare birane. Haka aka yi mako tara har cikin Janairun 1978. 'Yan sanda ne ke shiga gabansu suna nuna hanya, domin sojan bai san unguwa ba kuma motar ba ta da rediyo. A Ailan ta Arewa sai da aka sake musu fenti zuwa rawaya don kada a ɗauke su motocin yaƙi. A Mancesta, cikin Disamban 1977, ɗaya ta kife a kan hanyar zuwa kira, sojoji biyu suka rasu. An sake maimaita wannan a yajin aikin 2002 zuwa 2003, zamanin Tony Blair, aka fito da sama da 800 daga cikinsu suna dab da cika shekara hamsin, jaridu suka yi ta yi musu ba'a saboda tsufa da nawa.

Ni dai ina ganin ba'ar ba ta sauka inda ya dace ba. Gobarar gida a cikin birni mas'ala ce ta mintoci, ta tsani mai kai wa bene, ta mutumin da ya ƙware wajen shiga hayaƙi ya fito da yaro; motar da aka gina don gaɓar kogi, a hannun saurayin da ya koyi aikin cikin 'yan kwanaki, ba za ta cike wannan gurbi ba, kuma laifin yana wuyan waɗanda suka bari saɓani ya kai ga haka, suka kuma dogara da kayan 1953 don su sami ƙarfin ja-in-ja da ma'aikatansu. Abin da ya kamata a yi mamakinsa shi ne cewa an murza makulli sun tashi.

A 2004 majalisa ta yi sabuwar doka da ta ba gwamnati ikon amfani da jajayen motocin hukumomin kashe gobara idan an shiga yajin aiki, sai buƙatar koriyar ta faɗi. A wannan shekara aka fara sayar da sauran da suka rage, sama da 900, da yawansu ba su yi tafiyar da ta wuce mil dubu kaɗan ba a tsawon rayuwarsu. Masu sha'awar tsofaffin motoci suka sayi wasu, gidajen tarihi suka karɓi wasu, kaso mai yawa kuma aka yi jigilarsa zuwa ƙasashe masu tasowa, musamman na Afirka, inda hanyar ƙasa da sauƙin gyara suka sa motar ta dace. Sai dai wanda ya saye ta guda ɗaya, ba tare da faffaɗar mesar nan ba, ba tare da 'yan'uwanta da za su karɓi ruwa daga gare ta ba, galan 300 kawai ya saya. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban kasuwar da ke ci da wuta a garuruwanmu, ya ga mota ta juye tankinta ta juya neman wani ruwan alhali wutar tana ƙetarawa zuwa layi na gaba, ya san cewa tambayar da Ingila ta yi wa kanta bayan 1940 tana nan a gabanmu: ina ruwa mafi kusa da kasuwar, wace hanya ce mota za ta bi ta kai bakinsa, kuma mesa nawa ce za ta haɗa shi da rumfunan? A birni kamar Kano, inda aka cike kududdufai da yawa aka yi gini a kansu, amsar tambaya ta farko tana ƙara nisa shekara bayan shekara.